Gidan da Ya Zo a Mota

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana tsaye a kan tsani da tiyo a hannu, yana yi wa wani gida wanka.

Gidan ba a unguwa yake ba. A cikin kamfani yake, ƙarƙashin wata ƙatuwar rumfa, an ɗora shi a kan tayoyin ƙarfe, gabansa wani gidan, bayansa wani, sun yi layi kamar masu jiran ganin likita. Na can baya ƙashi ne kawai, ƙarfe da katako. Na tsakiya an sa masa bango, ana cusa masa waya da bututun ruwa. Na gaba har ya sha fenti, saura labule. Labulen ne ya kawo Auta, don sana'arta ke nan, kuma an ce ta zo ta auna tagogi.

Ta ɗaga kai ta ce, "Malam, gidan ne ya yi datti, ko aikin yi ne ya ƙare?"

Ya leƙo. "Gwaji ne. Taimaka ki shiga ki duba min ko yana yoyo."

Da wani aikin ya sa ta, da ta gaya masa ita ba 'yar aikensa ba ce. Amma neman yoyo, ai fanninta ya taɓo. Auta ta tashi a gidan da in hadari ya haɗo ba a fara cewa a kwashe shanya, cewa ake a fito da robobi. Ta shiga ta tsaya a tsakiyar falo. Ruwa na dukan rufi kamar da gaske. Ta bi kusurwa-kusurwa, ta shafa saman taga, ta leƙa bayan ƙofa inda yoyo ke son ɓuya. Ko ɗigo.

Wasu 'yan matan murmushi ne ke tafiya da su, wasu mota, wasu turare. Ita busasshen silin ne ya gama da ita.

Ta zaro tef ɗin awo ta auna taga ta farko, ta auna ta biyu, ta koma ɗaki ta auna wata. Duk ɗaya. Ta sake aunawa don ba ta yarda ba. A iya saninta, taga aba ce da magini ke yi daidai yadda ya tashi daga barci, sama a buɗe, ƙasa a tsuke, sannan matar gida ta ce ɗinki ne ya karkace.

Ya shigo rigarsa jiƙe sharkaf. "Ya kika gani?"

"Wa ya yi tagogin nan?"

"Ni da abokan aikina. Kafinta ne ni."

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, da muryar tsohuwar da aka tsallakar da ita titi.

Ya yi dariya, ya ce ta ba shi lambarta saboda aiki. Ta ba shi saboda aiki. Ko daga motar haya ba ta sauka ba saƙo ya shigo.

"Salam. Kafinta ne, mai wankin gida. Da fatan kin isa lafiya, ya tauraruwa mai haska duhun zuciya."

"Ban isa ba tukuna. Kuma tauraruwa ba ta zama mutum huɗu a kujera. Nemi wani sunan."

"To, Labulena."

"Wannan da dama-dama. Kai kuma Taga."

"Me ya sa Taga?"

"Ba ka da karkata. Kada kanka ya kumbura, yabon aiki ne."

Haka aka fara. Kamfanin ya ba ta ɗinkin labulen gidajensu gaba ɗaya, ruwan ƙwai, iri ɗaya, awo ɗaya, tana ɗinkawa tana waƙa. Duk ranar kai kaya sai ta tarar da shi yana jiranta da shayi a kofin roba. Kafin a daɗe ya nuna mata wani gida a can ƙarshen layi, ƙashi kawai, ya ce, "Wannan namu ne, in kin yarda." Ta ce za ta yi tunani. Ta yi tunanin tun daga rumfar har bakin ƙofar fita, ta dawo ta ce a sa mata famfon kicin kusa da taga.

Saura Baba.

Gidan su Auta bene ne. Haka Baba ke faɗa, haka kuma ya sa aka san shi a layi, Baba mai bene. Tun kafin a haifi Auta aka zuba dekin, wato rufin kankare, aka yi matakala, aka bar rodi a tsaye suna jiran hawa na biyu. Har yau suna jira. Baba ya yi aikin ofis ya yi ritaya, rodin suna nan. In baƙo ya zo, sai Baba ya hau da shi sama, ya tsaya a filin Allah yana nuni da sanda, nan babban falo, nan ɗakin baƙi, nan baranda. Baƙo ya yi ta gyaɗa kai yana kauce wa igiyar shanyar Mama da kashin tattabaru.

Dekin da aka yi don a rufe shi ba a rufe ba, ya sha rana ya sha ruwa ya tsattsage. Kowace roba a gidan ta san wurin aikinta. Babban baho na tsakiyar falo ne, bokiti na gefen gadon Mama, tukunyar da ta rasa murfi ta kan talabijin ce.

Abu ɗaya ne Baba ya gama a gidan: ginshiƙan ƙofar shiga. Dogaye, masu ado, kowanne da ƙwan fitila kamar kankana a kansa. Na hagun har ya ɗan ci hanya, daidai inda layin ya sha kwana. Kowace safiya Baba da kansa yake goge shi da tsumma.

Akwai kuma Ciyaman. Ba wanda ya san ciyaman ɗin mene ne, shi ma ba a taɓa jin ya faɗa ba. Mutum ne mai yawo da mukullin mota a yatsa, ko da a ƙafa ya zo. Shi ma yana neman Auta, shi ma yana gini. Gidansa ginshiƙai reras, zakuna biyu na siminti a ƙofa, sama kuwa sai gajimare. In ya zo zance ba wurin Auta yake zama ba, wurin Baba yake zama, su buɗe zanen gida a waya su yi ta gardama a kan inda za a sa wurin ninkaya. Auta ta taɓa ce wa Mama, da Baba ne ke da 'yancin auren Ciyaman da tuni an huta.

Ranar da Kafinta ya zo gaishe da Baba, Auta na bayan labule, labulen da ita ta ɗinka, ta san inda ya fi sirara.

"Ina gidanka?" in ji Baba.

"Ana haɗa shi, Baba."

"A wace unguwa?"

"A kamfaninmu. Filin kuma nan ƙarshen layinku ne, bayan kwana. Na nemi nan ne don kada ta yi nisa da Mama. In an gama sai a ɗauko gidan a mota a kawo."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "A mota."

"E, Baba."

"Kamar firji."

"Ya ɗan fi firji girma, Baba."

Auta ta dafe kai. Kafinta, da bai san ya riga ya faɗi ba, ya ci gaba da bayani cikin ladabi. Ƙarƙashin rumfa ake aikin, ruwa ba ya tsayar da shi. Siminti ba ya yin ƙafa ya bar wurin. Ba a jiran magini ya dawo daga wani aikin da ya karɓa a ɓoye. Waya da famfo duk ana gwada su kafin gida ya fito. In iyali sun ƙaru, a haɗo wani ɗakin a kawo a manna.

"Yaro," in ji Baba, "gida ba a yi masa gaggawa. Gidan kirki shekaru yake ci."

Namu ya ci shekaruna kaf, in ji Auta a ranta.

"Ni ba zan yi wa 'yata dole ba," Baba ya ci gaba. "Amma ba zan sa albarka a akwati ba sai na gani. Kafin ruwan farko ya sauka, ka shigar da ni gidanka, a kan filinka, in zauna. In ka yi, na ba ka. In ruwa ya riga ka, maganar ta mutu, kada in sake ganin ƙafarka."

Kafinta ya ce ya amince. Bai ko kalli labulen ba, balle ya nemi shawara. Auta kuwa ta san abu biyu. Baba ba ya janye magana, ita kuma duk bakinta ba za ta iya shiga gidan aure ba tare da albarkarsa ba.

Daga nan rayuwa ta zama abin haushi. Kullum da safe, in Baba ya gama goge ginshiƙi, sai ya taka har filin Kafinta ya dawo da rahoto. Filin ba komai sai harsashi, wasu guntayen kankare a jere, an binne bututu, an share.

"Na je gidan surukinki," zai ce wa Mama, da ƙarfi yadda Auta za ta ji. "Akuya na tarar a falo. Ta ce a gaishe ku."

Wurin Ciyaman kuwa har an ƙaro ginshiƙi. Kwanon rufi, in ji shi, yana kan teku.

Auta ta koma ba ta kallon mutane, sama take kallo. Zafi na ƙaruwa, iska ta fara canza wari. Rannan tana dawowa daga sayen zare, sai ga tirela a babban titi ɗauke da gida, fenti fari, famfon kicin kusa da taga, labule ruwan ƙwai yana kaɗawa. Ta miƙe ta yi hanyar bayan gari da shi. Auta ta tsaya baki buɗe har ya ɓace. A nan bakin titi ta rubuta saƙo.

"Na ga gidanmu ya wuce a mota. Allah ya sanya alheri, kai da wadda ka kai wa. Ka ce mata labulen ba a wanke shi da ruwan zafi."

Ya kira, ta kashe. Ya sake kira, ta kashe. Sai saƙo.

"Labulena, wane gida?"

"Fari. Labule ruwan ƙwai. Ɗinkina ne, ko a mafarki na gan shi zan gane."

"Duk gidan da ya fita daga kamfanin nan ɗinkinki ne. Ke kika yi musu duka, iri ɗaya. Wancan na wasu malaman makaranta ne. Namu yana nan, yau aka sa masa ƙofa."

Ta daɗe tana kallon wayar. Ta duba ko akwai hanyar da laifin zai koma kansa, ba ta samu mai kyau ba.

"To me ya sa ba ka faɗa min yau za a fitar da wani ba?"

"Yi haƙuri."

"Na haƙura. Namu kore zan yi masa."

Aka sa ranar kawo gida. Saura abu ɗaya, direban tirela yana son sanin faɗin layin. Kafinta ya ce in shi ya zo da tef ƙofar gidan Baba, Baba zai ce gidansa ake aunawa za a sayar.

"Bar min," in ji Auta. "Awo sana'ata ce."

Ta jira Baba ya tafi kai wa akuya gaisuwa, ta fito da tef. Ta auna bakin layi, ta auna tsakiya, ta auna tsakanin ginshiƙin Baba da katangar maƙwabta. Ta tura masa, ta ce gida zai wuce har da ragowar wuri.

"Kin tabbata? Ko dai direban ya zo ya gani da idonsa?"

"Ni kake tambaya ko na tabbata? Ni da na auna tagogin rabin garin nan? Taga, kada mu yi faɗa."

"Allah ya huci zuciyarki, Labulena."

Ranar ta zo da zafi mai nauyi, gabas ta yi baƙi tun da hantsi. Gidan kashi biyu aka yi shi, falo da kicin a tirela ta gaba, ɗakin kwana a ta baya, sai motar ɗaga kaya tana biye. Layi ya cika. Mata a ƙofar gida, masu shago sun bar shago. Ga labule kore a taga. Auta ta tsaya a gefe tana yi kamar ba ta san gidan waye ba.

Tirela ta shigo layi lafiya lau, ga wuri dama, ga wuri hagu, kamar yadda ta ce. Ta ɗan ɗaga haɓa. Aka zo kwana. Kan motar ya juya, jikin ya ƙi bi. Kusurwar gidan ta zo ta tsaya daf da ginshiƙin Baba, ko hannu ba zai shiga tsakaninsu ba. Direba ya ja baya ya sake gwadawa. Ya sake. Ya kashe mota ya sauko yana share gumi.

"Wa ya auna hanyar nan?"

"Ni ne," in ji Kafinta.

"Ƙarya yake, ni ce," in ji Auta. "Kuma awon daidai ne."

"Faɗin daidai ne, ƙanwata. Amma motar doguwa ce. In kai ya juya, sai baya ya share gefe. Ke me kike aunawa da ma?"

"Labule."

"To."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Labule faɗi gare shi da tsawo, a rataye shi ya zauna. Tunda take ba ta taɓa auna abin da zai sha kwana ba. Ga wayoyin lantarki a sama, ba damar a ɗaga gidan a tsallakar. Wata hanyar babu. Direba ya ce magana ɗaya ce, in ginshiƙin nan ya kauce, ya wuce.

Kowa ya juya ya kalli Baba. Baba ya riga ya je ya tsaya a gaban ginshiƙinsa, ya harɗe hannu.

"Ni ban hana kowa wucewa ba," ya ce. "Hanya ce ta hana."

Kamar an aika masa, sai ga Ciyaman da ƙatuwar lema, ya buɗe ya riƙa wa Baba tun ruwa bai zo ba. Ya zagaya ido a kan gidan, ya yi murmushin tausayi.

"Ka gani ko, Baba? Shi ya sa mu muke bin ƙa'ida. Gini sai da fandisho, sai da plan, sai da haƙuri."

"Ina kwanonka?" in ji Auta.

"Yana kan teku, Madam."

"Ko iyo yake da kansa, da ya iso."

Ta matsa kusa da Baba, ta sauke murya. Ta ce laifinta ne, ba na Kafinta ba. Ta ce shi zai sake gina ginshiƙin da hannunsa, ya fi na da. Baba ya kalli sama ya ce shi sharaɗi ya sa, bai sa ginshiƙinsa a ciki ba. Ta juya wurin Kafinta ko zai yi magana, ta ga ya tsaya ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya ce ya amince, ya amince ke nan. Abin da ta so shi dominsa, yau shi ne ke neman kashe ta.

"Ka ce wani abu mana."

"Me zan ce, Labulena? Gidansa ne."

Ɗigon farko a hannunta ya sauka. Ta goge da sauri kamar za ta ɓoye shi. Na biyu ya sauka a kan lemar Ciyaman, kowa ya ji. Sai ruwa ya kece.

Mutane suka watse. Auta, da zuciyarta ta gama karyewa, ƙafarta ba ta san da haka ba, ta kwasa da gudu cikin gida wurin robobi, yadda ta saba tun tana ƙarama. Ta tarar falo ya fara ɗiga, baho na jingine a bango ba wanda ya taɓa shi. Mama ba ta nan. Kujerarta 'yar tsugunno ma ba ta nan.

Ta fito ta ga Baba ya bar ginshiƙi, yana tsaye gefen tirela yana ɗaga murya. An jingina tsani a ƙofar gidan da ke kan motar. Koren labule ya yaye, fuskar Mama ta bayyana a taga.

"Ke, sauko. Mutane na kallo."

"Su kalla. Sai an ɗauke ruwan zan sauko."

"Falo na can yana cika."

"Ka san inda baho yake."

Ta saki labule. Baba ya tattare riga ya hau tsanin don ya sauko da matarsa. Auta ta bi shi, Kafinta ya riƙe musu tsani.

Mama na zaune a tsakiyar falo, ta miƙe ƙafa, hannu a cinya. Baba ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya tafi sama da kansa. Duk ɗan gidansu haka yake in ana ruwa. Ya duba tsakiya, ya duba kusurwa. Ya ɗan matsa gefe, don a gidansa daidai nan ne wurin baho. Ba abin da ya sauko.

"Zauna ka ji," in ji Mama. "Tun da ka kawo ni gidanka ban taɓa zama na saurari ruwa ba. Kullum aiki nake masa. Ashe daɗi gare shi."

Baba bai zauna ba. Mama ta ci gaba.

"Ni na saba, ban ce komai ba, yanzu ma ba ƙara na kawo ba. Amma yarinyar nan roba ta fara ɗauka kafin ta ɗauki 'yar tsana. Ka duba ta, yanzu ma daga can take."

Baba ya dubi Auta. Tana tsaye ruwa na zuba daga ɗankwalinta, da tukunyar da ta rasa murfi a hannunta. Ita kanta ba ta san ta fito da ita ba.

Ya ƙwanƙwasa bango da yatsa. Ya buɗe ƙofar kicin ya rufe, ta rufu ba tare da an ɗaga ta da gwiwa ba. Ya sake buɗewa ya rufe. Sai ya juya ya sauka, ya shige gidansa cikin ruwa.

Da ya fito, da guduma ya fito.

Ya taka kujera ya kwance ƙwan fitilar da ke kan ginshiƙin a hankali, ya miƙa wa Ciyaman. "Riƙe min." Ciyaman ya karɓa, lema a hannu ɗaya, fitila a ɗaya, mukulli a yatsa, ya rasa ta inda zai fara magana. Baba ya ɗaga guduma ya sauke. Kafinta ya zo da gudu zai karɓa, Baba ya ce ya bari, shi ya gina, shi zai rushe. Sai da ya gaji sannan ya bar ma'aikata suka ƙarasa.

"Da ma ya karkace," ya ce yana haki. "Na daɗe ina son in gyara shi."

Auta kuwa ta taɓa auna ginshiƙin nan da hannunta. Shi kaɗai ne abin da ke miƙe a gidan gaba ɗaya. Karo na farko ke nan a rayuwarta da ta san gaskiyar awo ta haɗiye.

Kafinta ya durƙusa cikin taɓo. "Baba, na gode. Amma ruwa ya riga ni. Na yi alkawari."

Baba ya kalle shi, ruwa na gangarowa daga hularsa zuwa cikin kunnensa, kwata ta cika tana ambaliya a kan takalminsa.

"Wane ruwa? Wannan ai yayyafi ne. Tashi ka kai gidanka."

Tirela ta sha kwana da Mama a ciki, don ta ce sai an ɗauke, kuma ba a ɗauke ba. Kafin rana ta faɗi an sauke kashi biyun a kan harsashi, an ɗaure, an haɗa ruwa da wuta. Baba ya shiga ya zauna a kan kujerar Mama, ya ce falon ya ɗan yi ƙarami, amma ba laifi.

Aka ɗaura aure cikin daminar. Ciyaman ya zo, ya karɓi abin magana ba a ba shi ba, ya ce shi ne ya ba da shawarar a rushe ginshiƙin. Ba wanda ya musa, ana cin abinci.

Da aka zo sallama, Baba ya dafa kan Auta ya daɗe. Ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya rufa musu asiri kamar yadda rufin nan ya rufe su, ya ba su 'ya'yan da za su sa a ƙaro ɗaki. Mama ta ce amin tana share ido, ta ƙara da cewa robobin nan ko ɗaya ba za a kai gidan amarya ba.

Baba ya kai bakin ƙofa, ya dawo, ya ja Kafinta gefe. Ya yi ƙasa da murya, amma Auta na bayan labule.

"Wannan motar taku mai ɗaga kaya. Tana iya kai abu har saman dekin?"

"Tana iyawa, Baba. Sai dai a fara zuwa a duba ƙarfin ginin, a kuma kauce wa wayoyi."

"Ba wai ina so ba ne. Tambaya ce."

"Na gane, Baba."

"Kuma in za a auna, direban ya zo da kansa."

Washegari Kafinta ya tafi sayo burodi, hadari ya haɗo. Auta ta miƙe zumbur, ta tsaya tsakiyar falo tana waige-waige, sannan ta tuna. Ta koma ta zauna kusa da taga, ta miƙe ƙafa irin ta Mama. Waya ta yi ƙara.

"Labulena, ruwa ya tare ni a shago. Ya gidan?"

"Ina dubawa. Ko ɗigo."

"Ke fa?"

"Ni ma. Ka dawo a hankali, Tagata. Ba abin da ke yoyo."

Allah ya bar su tare, ya kai matakalar Baba inda ta daɗe tana son zuwa.